Kujera Biyu

Damina shida na yi ina tara kuɗinta,
buhun shinkafa bisa buhun shinkafa
daga fadamar Ambursa.
Ban ɗinka riga ba, ban san ƙamshin tsire ba,
har ranar da aka shigo da ita daga Kwatano,
ja wur, kamar barkono a shanya.

Ƙofa biyu. Kujera biyu.
Ta lafe a ƙasa kamar ƙadangare bisa dutse.
Nomau makanike ya durƙusa ya leƙa cikinta,
ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa:
"Gado, ba don titinmu aka ƙera ta ba,
amma mai sabon abu ba ya jin gaskiya."

Wata uku ina zagaya Birnin Kebbi da ita,
daga shataletale zuwa shataletale.
In na taka ta, ta yi gurnani,
'yan acaba su dare, masu shayi su ɗago kai.
Ni kuwa ban je ko'ina ba,
mai yawa na ƙona, babu tafiya.

Inna Ige ta fito da buta a hannu,
ta dube ta gaba, ta koma ta dube ta baya.
"Wagga ce motar? Ina sauran ta?
Ko rabi suka sayar maka?"
Ta shige ɗaki tana dariya.

Sai wata Laraba waya ta zo daga Yauri:
Gwaggo Tumba ta kwanta, tana kiran 'yar'uwarta.
Shekara tara ba su ga juna ba.
Da asuba na tarar da Inna a jikin ƙofar,
da ƙullin daddawa, da kwanon fura,
tana neman inda ake saka kaya.

Babu wurin. Ta rungume su a cinya.
Na ɗaura mata bel, ta ce na ɗaure ta kamar akuya.

Kalgo ta wuce kamar ƙiftawar ido.
A Jega tirelar albasa ta tare mu,
na matsu, na danna ham, ina cije leɓe.
Inna ta dafa hannuna:
"Wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi,
bar shi ya ci rabonsa na hanya."

Bayan Maiyama rami ya buɗe baki,
cikin motar ya daki ƙasa, ƙuuu!
Na ji shi har cikin haƙorina,
kamar buhu goma ne suka zube a rijiya.
Ita furarta kawai ta duba.

Allurar gudu na iya kaiwa ɗari biyu da sittin.
Ranar ba ta haura saba'in ba.
A nan na ga abin da ban taɓa gani ba:
giginya a jere, mata na casar gero,
wani yaro a Koko yana kora agwagi.
Inna na kiran sunan kowane ƙauye,
wanda ta ratsa a bayan akori-kura tana amarya.

La'asar muka ga kogi,
faɗinsa ya cinye ido,
jiragen kwale-kwale kamar ƙwaryar da aka kifar.
Gwaggo Tumba ta ji muryar tun daga zaure,
ta yunƙura ta zauna da kanta.
Suka riƙe juna, babu mai magana.
Na fita waje, wai ina duba taya.

Mun dawo da busasshen kifi a ƙarƙashin kujera.
Na wanke da omo, na fesa turare,
har yau ƙarnin bai fita ba.
Abokai na toshe hanci, na bar su.
Salansa tana kara, fenti ya kwarzane,
amma duk Juma'a Inna na tsaye da mayafi
tana tambaya ko akwai mai a wagga rabin mota,
don Zuru ma, in ji ta, tana da ƙawa guda ɗaya.